Gyaran Wurin Yaro a Cikin Ɗaki da Kuɗi Kaɗan

A yawancin gidajenmu, daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, ƙaramin yaro yana kwana ne a ɗakin uwarsa. Nan ake yi masa shimfiɗa, nan yake koyon zama da rarrafe, har ranar da zai kama bango ya miƙe. Saboda haka idan ana zancen gyaran wurin yaro, galibi ana nufin gefe ɗaya na ɗakin uwa, wanda aka keɓe domin barcinsa da wasansa. Wannan bayani ya shafi wannan gefe. Ya kuma shafi ɗaki ko rumfar da jama'a suke tanada domin renon yara a unguwa ko a ƙauye.

Aikin yana da tsari. Ana farawa da abin da zai kare lafiyar yaro, sannan a bi da abin da zai ƙawata wurin. Wanda ya bi wannan tsari zai ga cewa mafi yawan aikin na hannu ne, kuɗin da zai kashe kaɗan ne.

1. Dalilin kula da wurin yaro

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam ta fi saurin girma a shekarun farko na rayuwa. Abin da yaro yake gani, da abin da yake ji, da abin da yake taɓawa, su ne suke gina ta, tare da abinci mai kyau da kulawar iyaye. A shekarar 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, da Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, da Bankin Duniya, sun fitar da wani tsari na renon yara ƙanana. Tsarin ya ambaci abubuwa 5 da kowane yaro yake bukata: lafiya, abinci mai gina jiki, kulawa mai amsa bukatarsa, damar koyo tun da wuri, da kariya daga haɗari. Wurin da aka gyara da kyau yana taimakawa wajen samun lafiya da damar koyo da kariya a lokaci ɗaya.

Yaro kuma yana rayuwa kusa da ƙasa. Abin da babba yake tsallakewa bai ko lura ba, shi yaro yake ɗauka ya kai baki. Kafin ku fara gyara, ku durƙusa a tsakiyar ɗaki, ku duba ko'ina daga tsayin yaro mai rarrafe. Za ku ga allurar da ta faɗi, da ramin kusu, da ƙullin magani a ƙarƙashin gado.

2. Zaɓen wuri

A zaɓi gefen da yake samun haske da iska, wanda uwa take iya gani daga gadonta da kuma daga bakin ƙofa. Ya kasance nesa da murhu, da fitila, da randa, da jeren kwanoni da kwallaye waɗanda za su iya rikitowa. Fili mai tsawon metir 2 da faɗin metir 1 da rabi ya isa shimfiɗar yaro da tabarmar wasansa.

A raba wurin gida biyu: wurin barci da wurin wasa. Wurin barci ya zama fayau, babu tarkace. Ado da kayan wasa su tsaya a wurin wasa.

3. Ƙasa da bango

Ƙasa mai ƙura da bango mai tsaguwa maɓoya ce ta kunama da kuɗin cizo da kyankyaso. Aikin farko shi ne a cike kowace tsaga da kowane rami da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, a yaɓe bangon ya yi sumul.

Wanda yake da halin siminti ya yi shafe da shi. Wanda ba shi da hali, daɓen gargajiya ya wadatar. Mata sun daɗe suna yin sa da gayya: a zuba ƙasa mai tsakuwa, a yayyafa ruwa, a daka da madaɓi har ta yi ƙarfi, sannan a shafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, wanda yake ƙara mata ƙarfi da sheƙi. Daɓe mai kyau yana sharuwa da sauƙi, kuma kunama ba ta da wurin ɓuya a kansa.

A kan daɓen a shimfiɗa tabarmar kaba, irin wadda ake saƙawa a ƙasar Madawa da sauran wurare. Tabarmar yaro ta zama tasa shi kaɗai. A kakkaɓe ta kullum, a shanya ta a rana, a hana kaji da awaki hawa kanta. Kashin kaji da ƙasar da ta gauraya da shi suna cikin abubuwan da suke jawo wa yara zawo, zawo kuwa idan ya yawaita yana hana yaro girma yadda ya kamata.

4. Haske, iska da zafi

Ɗaki mai duhu yana ɓoye datti, sauro kuma yana son sa. Farar ƙasa ita ce maganin duhu mafi araha. A jiƙa ta, a tace, a zuba ɗan ƙaro da aka narkar a ruwa domin ta kama bango kada ta riƙa gogewa a jikin yaro. A shafa sau 2, a bar shafin farko ya bushe kafin na biyu. Farin bango yana mayar da haske, har fitila ɗaya ta haskaka ɗaki duka. Yana kuma tona asirin sauro da kunama idan sun hau shi.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a garuruwanmu, jikin jariri kuwa ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Idan rufin ɗaki na kwano ne, a ɗaura zana ko tabarmi a ƙarƙashinsa, a bar fili tsakaninsu da kwanon, domin su tare zafin da yake saukowa. Idan ɗakin ba shi da taga, a nemi magini ya huda ƙarama a bangon da yake kallon ƙofa, domin iska ta shiga ta nan ta fita ta can. A rufe tagar da raga. A toshe kuma ɓarakar da take tsakanin bango da rufi, domin ta nan ne sauro mai kawo zazzaɓi ya fi shigowa da dare.

Hayaƙi babban abokin gabar huhun yaro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida ta jawo mutuwar mutum wajen miliyan 3 da dubu 200, cikinsu har da yara fiye da dubu 237 ƴan ƙasa da shekara 5. Kada a yi girki a ɗakin da yaro yake kwana. Turaren wuta a yi shi lokacin da yaro yake waje, a bar hayaƙin ya fita kafin a shigo da shi. A lokacin ɗari, kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci. Fitila mai aiki da hasken rana ta fi ta kananzir dacewa, domin ba ta hayaƙi, ba ta kuma haddasa gobara.

5. Sange

Sange, wato gidan sauro, shi ne abu mafi daraja a wurin barcin yaro. Sauron da yake kawo zazzaɓi ya fi cizo da dare, yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuma su ne cutar ta fi kashewa. A watan Disambar 2005 da farkon 2006 aka yi babban rabon sange mai magani na farko a faɗin Nijar, tare da rigakafin shan inna, inda aka raba wajen miliyan 2. An ci gaba da irin wannan rabo a shekarun da suka biyo baya. Ku tambayi ma'aikatan kiwon lafiya na kusa da ku hanyar samun sa.

Ga yadda ake kula da shi:

- Sabon sange a warware shi a inuwa kwana 1 kafin a fara kwana a cikinsa.
- A ɗaure kusurwoyinsa 4 da kyau, a cusa bakinsa a ƙarƙashin katifa ko tabarma.
- A ɗinke kowace huda da zarar an gan ta.
- A wanke shi a hankali da sabulu, a shanya a inuwa. An yi shi ne domin maganinsa ya jure wanki kamar sau 20, ya kuma yi aiki kamar shekara 3.
- A nisanta shi da wuta, kada kuma a bar igiyoyinsa suna lilo inda hannun yaro yake kaiwa.

Da rana a naɗe shi sama, a ɗaure da ƙyalle mai launi. Ɗakin zai yi fili, ya kuma yi kyan gani.

6. Shimfiɗar jariri

Likitocin yara suna ba da shawarar cewa jariri ya kwana a ɗaki ɗaya da uwarsa, aƙalla wata 6 na farko. A kwantar da shi rigingine, wato a kan bayansa, har ya cika shekara 1. Shimfiɗarsa ta zama mai ɗan tauri, a miƙe, wadda ba ta lotsawa. Matashin kai, da bargo mai kauri, da ƴar tsana mai laushi, da leda, duk suna iya toshe masa numfashi. A nisanta su da shi. Idan ana ɗari a sa masa riga mai ɗumi, a bar fuskarsa a buɗe.

Ba dole ba ne a sayi gadon kanti. Ƙaramar katifa mai tauri a kan tabarma ta isa. Idan kafinta zai yi gado, a gaya masa kada tazarar da take tsakanin sandunan ta wuce santimetir 6, kamar faɗin yatsu 3 na babba, domin kada jikin yaro ya zurma kansa ya maƙale. A goge katakon ya yi santsi, a duba ƙusoshi, katifar kuma ta cika gadon ba tare da rami a gefe ba.

7. Launi da zane

Ƙawata bango tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram zai ga gidaje masu zane a fuskarsu, aikin magina na gargajiya. Ana iya kawo wannan fasaha cikin ɗaki da kayan da suke kusa. Jar ƙasa tana ba da ja, dakakken gawayi yana ba da baƙi, shunin wanki yana ba da shuɗi. Kowanne a kwaɓa shi da ruwan ƙaro.

Bakin ƙwarya ko na ludayi yana fitar da da'ira. Zaren da aka tsoma a launi, aka ja shi a jikin bango aka saki, yana fitar da miƙaƙƙen layi. Yayyen yaro suna iya tsoma tafin hannu a jar ƙasa su danna a bango a jere. A zana abubuwan da yaro ya sani: zakara, raƙumi, kifi, itacen kuka, wata da taurari. A yi zanen ƙasa-ƙasa, daidai idonsa.

Ku da kuke zuwa ajin yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi amfani. Ku rubuta sunan yaro da manyan baƙaƙe a saman wurinsa. Ku jera baƙaƙen Hausa, har da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, kowanne da hoton abin da sunansa ya fara da shi: ɓ da ɓera, ɗ da ɗaki, ƙ da ƙofa. Ku rubuta lambobi daga 1 zuwa 10, kowace da ɗigo daidai adadinta. Ku kuna bitar darasi, yaro yana sabawa da rubutu tun kafin ya shiga makaranta.

Guntayen atamfa da suka rage wurin tela ana haɗa su a ɗinka labule ko abin rufa. Faifai mai launi da ƙwarya mai zane suna ƙawata bango idan an rataye su sama da kyau. Tsohon kalanda da hoton iyali a manna su inda yaro zai gani.

8. Hattara da gubar dalma

Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, musamman masu launin rawaya, ja, ruwan lemo da kore. Idan fentin ya tsufa yana ɓarewa, ya zama ƙura, yaro ya kai baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, ɓarnarta kuma ba ta gyaruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jiki da aka sani marar illa.

Maƙwabtanmu sun ga wannan masifa. A shekarar 2010, a jihar Zamfara ta Nijeriya, yara wajen 400 sun rasu saboda ƙurar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje.

Saboda haka, wanda zai sayi fenti ya zaɓi na ruwa, ko wanda aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa babu dalma. Kada a kankare tsohon fenti a bushe yaro yana kusa. Kada a ajiye tsohon batirin mota ko na sola a ɗakin kwana. Wasu nau'o'in kwalli ma suna ɗauke da dalma, don haka ya fi kyau a bar idon jariri ba kwalli. Bayan shafa kowane irin fenti, a bar ɗaki a buɗe har warin ya fita kafin yaro ya koma.

9. Kayan wasa daga kayan gida

Abin wasa ya dace da shekarun yaro.

- Daga haihuwa zuwa wata 5: jariri ya fi ganin abin da yake nesa da shi da santimetir 20 zuwa 30, kamar fuskar uwarsa idan yana shan nono. Ya fi lura da fari da baƙi da launi mai ƙarfi. A rataya guntayen ƙyalle a saman tabarmar wasa, inda yake gani amma hannunsa ba ya kaiwa. A cire su da zarar ya fara ɗaga jikinsa da hannuwa da gwiwoyi.
- Daga wata 6 zuwa shekara 1: ludayi, da cokalin itace, da ƙaramin kwano da murfinsa, da ƙwallon tsumma da aka ɗinke da kyau.
- Daga shekara 1 zuwa 3: ƙore ko kofuna masu shiga cikin juna, da guntayen katako da aka goge domin jerawa, da ƴar tsanar tsumma wadda aka yi wa ido da zare.
- Daga shekara 3 zuwa 5: motar kara, da dabbobin laka, da allo da alli.

Duk abin da zai iya shiga bakin yaro gaba ɗaya haɗari ne ga ɗan ƙasa da shekara 3: tsabar kuɗi, maɓalli, dutsen ado, gyaɗa, ƙwallon dabino. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ya fi su duka muni, domin yana ƙona maƙogwaro cikin ƴan awoyi. Idan yaro ya haɗiye shi a garzaya asibiti nan take. Igiyar da take jikin abin wasa kada ta wuce taƙi ɗaya. Gwangwani ko gorar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko fetur a ciki, kada a mayar da ita abin wasa ko da an wanke.

Abin wasa kuma ba ya maye gurbin mutum. Ku zauna a tabarmar tare da yaro, ku nuna masa zanen, ku faɗi sunansa, ku saurari abin da zai ce, ku yi masa tatsuniya.

10. Ajiya

Kwando ko kwali da aka lulluɓe da ƙyalle ya isa ajiyar kayan wasa, a ƙasa, inda yaro zai ɗauka ya mayar da kansa. Tufafinsa a sa su cikin jakar ƙyalle ko akwati. Takardar haihuwa da katin awo da rigakafi a sa su cikin leda, a ajiye sama, inda gara da ruwa ba sa kaiwa.

Magunguna, ashana, reza, kananzir, maganin ɓera da na ƙwari, wurinsu sama ne ko cikin akwati mai kwaɗo. Bokiti ko baho mai ruwa kada ya kwana a buɗe, domin ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya faɗa da ka. Kabad mai tsawo a ɗaure shi da bango, domin yaro yana son hawa.

11. Wurin renon yara na jama'a

Inda mata suke zuwa gona, ko kasuwa, ko ajin karatu, jama'a suna iya haɗa kai su tanadi ɗaki ko rumfa domin yara. Ƙa'idodin da aka ambata duka suna aiki a nan. A ƙara da shinge mai ƙofa, nesa da rijiya da hanyar mota. A ajiye buta da sabulu a bakin shiga, da ruwan sha mai tsabta a tulu mai murfi. A keɓe tabarmar jarirai daban da ta masu gudu. Kowane gida ya kawo abin da yake da shi: wannan tabarma, wancan farar ƙasa, wani kuma ƙarfin aikinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

12. Tsara kuɗi

A raba aikin mataki 3. Matakin farko ba ya cin kuɗi: shara, toshe ramuka, daɓe, kwashe abubuwa masu haɗari, da haɗa kayan wasa. Mataki na biyu yana cin kaɗan: tabarma, farar ƙasa, ragar taga, da sange idan ba a samu na rabo ba. Mataki na uku sai an samu hali: katifa, fitilar sola, siminti, gado. Wadda take cikin adashe, ko cikin ƙungiyar asusu irin ta Mata Masu Dubara, wadda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, tana iya ware wani abu daga kwasarta domin wannan mataki. Bai kamata a ci bashi saboda ado ba, ko a rage abincin yaro domin sayen fenti. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin ƙasa da bango shi ne rani, bayan an gama kaka, domin komai ya bushe kafin damina. Mace mai ciki ta bar wa maigida da ƴan'uwa ɗaukar kaya masu nauyi da shafa fenti. Yaro kuma yana canjawa: abin da hannunsa bai kai ba a watan jiya, yana iya kaiwa a wannan wata. Saboda haka kowane sabon wata ku sake durƙusawa ku duba ɗakin daga tsayinsa, ku ɗinke sange, ku toshe sabuwar tsaga, ku ɗaga abin da ya kamata a ɗaga.